Yadda ake gyara dokar da ta kafa fondasiyo mai tsaya ma talaka a shari'a

Ƴan uwa masu aiki cikin ƙungiyoyi da fondasiyoyi, musamman ma ku da kuke ɗaukar ma talaka lauya ko kuke yawo kuna wayar da kan jama'a bisa doka, akwai wani zance da nake so mu zauna mu duba shi da kyau, don yana janyo asarar lokaci da kuɗɗi ba gaira ba dalili. Zancen gyaran sitati ne, wato takardar ƙa'idojin da ke tafiyar da ƙungiya ko fondasiyo. Za ka ga fondasiyo tana aiki da takardar da aka rubuta tun da daɗewa, an ce konsai ɗinta, wato kwamitin da ke shugabantarta, mutum ashirin da wani abu amma ko rabi ba sa zuwa taro, an ambaci sunan ma'aikatar da yanzu ma babu ita, an ce aikinta cikin Yamai ne kawai alhali mutanen da suka fi buƙatar ta suna can Tawa da Ƙonni da Abalak, sai membobi su gaji su kira babban taro a ɗaga hannu a ce an gyara. To idan ku kuka kafa abinku da kanku babu laifi. Amma idan doka ce ta kafa fondasiyon, ko ita ce ta rubuta yadda za a tafiyar da ita, wanga ɗaga hannu da kuka yi bai canza ko harafi ɗaya ba, kuma duk shawarar da sabon konsai zai yanke bayan nan ana iya kai ta kotu a rushe ta.

Shi ya sa kafin ku kira kowa, kafin ku kama zaure ku buga bandarol, ku fara nemo takardar da ta haifi fondasiyon. Ita ce za ta gaya muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

A Nijar galibin ƙungiyoyi suna ƙarƙashin odonas, wato dokar da gwamnati ke fitarwa ba ta hanyar majalisa ba, mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, wadda aka yi ma gyara a 1991. Idan taku irin wagga ce, wato ku kuka taru kuka rubuta sitati kuka kai aka ba ku rasipise, takardar shaidar an karɓa, daga baya ministan cikin gida ya sa hannu bisa arete, wato takardar hukuncin minista, to ba ku da buƙatar wata sabuwar doka, ku koma cikin sitatin naku ku karanta artikil ɗin da ya yi maganar gyara, ku cika yawan mutanen da ya ce, ku rubuta takardar zaman taro, ku sanar da hukuma cikin wa'adin da aka ajiye, shi kenan. Idan kuma gwamnati ta amince da ku da dekere, wato takardar hukuncin gwamnati da ke sama da arete, a matsayin masu aikin amfanin jama'a, to akwai sa idon hukuma a ciki, kar ku taɓa sitati ba tare da kun bi ta wajenta ba. Sai kashi na ukku wanda shi ne zancenmu na yau, wato inda doka da kanta ta ce an kafa abu kaza, ga aikinshi, ga waɗanda za su zauna a konsai, ga inda kuɗɗinshi za su fito. Misalin da kowa zai gane a nan gida shi ne ANAJJ, hukumar taimakon marasa hali a fannin shari'a, wadda doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011 ta kafa. Ita dai hukumar gwamnati ce ba fondasiyo ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: darektanta da ma'aikatanta duka ko sun haɗa baki ba za su iya canza abin da dokar 2011 ta rubuta ba. Abin da doka ta ɗaure doka ce ke kwance shi, abin da dekere ya ɗaure dekere, abin da arete ya ɗaure arete. Duk ɗalibin shari'a na jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani ta Tawa ya san wagga ƙa'ida tun shekarun farko, amma sai ka ga manyan mutane cikin biro sun manta da ita.

Kuma don Allah kar ku yi aiki da fotokopin fotokopi da ke cikin jakar sakatare. Ku nemo yadda aka buga dokar a Journal Officiel, jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, ku nemo duk gyare-gyaren da aka taɓa yi mata, ku nemo dekeren aiwatarwa, ku haɗa su wuri ɗaya ku fitar da rubutu guda wanda yake nuna yadda dokar take a yau. Wani lokaci a nan ma za ku gano cewa artikil ɗin da kuke ta kuka da shi an riga an soke shi ba ku sani ba.

Bayan nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajena: wai shin matsalar taku tana cikin dokar ne, ko tana cikin takardun da ke ƙasa da ita? Ku ɗauki kowane koke ɗaya-ɗaya ku nemo mishi gida. Mutane ba sa zuwa taro, wanga sau da yawa maganar dokar cikin gida ce, a rubuta cewa wanda ya yi fashi sau kaza a jere ya rasa kujerarshi. Ba a iya yin taro ta waya ko ta intanet, watakila dekere ya isa. Albashi, ɗaukar ma'aikata, sayen mota, duk ba aikin doka ba ne. Abin da ya rage bayan kun tace, kamar manufar fondasiyon, yawan ƴan konsai da wanda ke naɗa su, hanyar samun kuɗɗi, da makomar dukiya idan an rushe, shi kaɗai za ku kai gaban masu yin doka.

Ina nanata wanga ne saboda buɗe doka ba wasa ba ne, kamar ka yaye rufin ɗaki da damina don ka canza azara guda, ba kai ke da iko da ruwan da zai sauko ba. Da zarar rubutun ya bar hannunku ya shiga ma'aikata, kowa yana iya ƙara nashi, kuma ba kowa ke son aikin da kuke ba, don mai tsaya ma talaka a kotu dole wata rana ya tsaya gaban mai ƙarfi. A Amurka akwai wata hukuma mai suna Legal Services Corporation da majalisar ƙasar ta kafa a 1974 don ta riƙa raba kuɗɗi ga masu kare talakawa a shari'o'in da ba na laifi ba. A 1996 majalisar ta zaftare mata kusan kashi ɗaya cikin ukku na kuɗɗinta, ta kuma ɗora sharuɗɗa, aka hana waɗanda ke karɓar kuɗɗin shigar da ƙara ta taron dangi a madadin jama'a da yawa, aka hana su tsaya ma fursunoni. Wanda ya ba ka rai da doka yana iya ɗaure maka hannu da doka. Don haka ku tafi da ɗan gyara ƙarami mai tsabta, artikil huɗu ko biyar da kuka san za ku iya kare kowane ɗaya, ya fi ku ce za ku sake rubuta komai daga farko.

To a ce kun tace kun ga lallai sai an taɓa doka. Ku fara gama rigimarku ta cikin gida. Babu abin da ke kashe dosiye kamar a ga perzidan ya kai takarda ma'aikata da safe, da marece tirezoriye ya bi ta bayan gida ya ce shi bai yarda ba, nan take za a sa dosiyen cikin durowa a ce ku je ku daidaita. A kira konsai bisa ƙa'idar tsohon sitati, eh tsohon, don shi ke aiki har ranar da sabon zai fito, a aika takardar gayyata cikin lokaci tare da rubutun gyaran don kowa ya karanta a gida, a ƙirga waɗanda suka zo, a yi ƙuri'a artikil bayan artikil, wanda bai yarda ba a rubuta dalilinshi cikin takardar zaman taro kar a ɓoye. Ni a ganina rubuta ra'ayin marasa rinjaye ƙarfi yake ƙara ma dosiye, yana nuna an yi muhawara ta gaske.

Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta bi irin wagga hanya kuma ta yi mata kyau. Ita ma majalisa ce ta ba ta takardar kafuwa tun 1900 aka sabunta a 1905, konsai ɗinta ya kai mutum 50, bayan guguwar Katrina ta 2005 aka yi ta sukarta cewa shugabancin ya yi nauyi ba ya motsi. Ba su jira a yanke musu hukunci ba, su da kansu suka sa aka yi bincike suka fito da shawarwari a 2006, a 2007 majalisa ta yi dokar gyara, aka ce konsai ya sauko tsakanin mutum 12 zuwa 20, kuma ba a rana ɗaya ba, an ba su har 2012 su sauko a hankali. Ku riƙe wanga na ƙarshe, za mu dawo gare shi.

Kafin a kulle rubutu ku fita daga Yamai. Wallahi wanga yana ci mini rai, a zauna cikin otel mai sanyi a yi atilye na kwana biyu da mutanen da kullum su ne dai ake gani, a raba perdiyem, a ce an tuntuɓi jama'a. Kowa ya san kusan duka lauyoyin ƙasar ga a Yamai suke zaune, alhali Tawa tana da kotun ɗaukaka ƙara, kuma daga Yamai zuwa can ya fi kilomita 500, balle mutumin Cintabaraden ko Tasara. Ku je ku ji alƙalai da magatakardan kotu na can, ku ji masu taimakon shari'a na ƙauyuka, ku ji sarakuna da malamai tunda rigimar gona da gado da aure a wajensu take farawa, ku ji ƙungiyoyin mata, ku ji iyalan waɗanda ke tsare a gidan kaso ba a yanke musu hukunci ba. Su ne za su gaya muku ko gyaran da kuke so zai kai gare su ko kuwa kujeru kawai kuke sake rabawa. Kuma ku fassara gyaran da Hausa da sauran harsunan wurin a karanta a rediyo, tunda ma kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa a tattauna makomar talaka cikin harshen da ba ya ji.

Yanzu rubutu. Takardu ukku nake ba da shawara ku shirya, kuma ku nemi wanda ya taɓa rubuta doka ya duba muku, ba kowane lauya ya iya wanga aiki ba, tsayawa gaban alƙali daban rubuta artikil daban.

Ta farko tabulo mai gida ukku: ga tsohon artikil, ga sabon da kuke so, ga dalili cikin layi biyu ko ukku. Wagga takarda ita ce kowa zai karanta a gaskiya, daga mai ba minista shawara har ɗan jarida. Ta biyu bayanin dalilai, wanda ake sawa gaban kowace doka, kar ya wuce shafi biyu, kar ku cika shi da yabon kanku, ku faɗi mi ya lalace, ku kawo alƙalumma na gaske daga rajistocinku, taro nawa ya watse don mutane ba su cika ba, dosiye nawa kuka mayar don doka ba ta ba ku izinin karɓa ba, kuma idan ba ku da adadin kar ku ƙirƙira, ranar da aka kama ƙarya ɗaya duk sauran sun zube. Ta ukku rubutun dokar kanshi, a bisa salon da aka saba: artikil na farko ya ce an gyara artikil kaza da kaza na doka mai lamba kaza kamar haka, sai a jero su kowane da alamar cewa sabo ne, idan ƙari ne a tsakani a ba shi lambar wanda ya gabace shi da "bis" don kar lissafin sauran ya rikice, daga ƙarshe a soke duk tanadin da ya saɓa, a ce za a buga a Journal Officiel. Kowane artikil magana ɗaya. Kalmar da kuka fara da ita ku ƙare da ita, kar ku ce konsai a nan ku ce komiti a can alhali abu ɗaya kuke nufi. Kuma ku bi sauran dokokin da suka ambaci taku ku duba, kar ku gyara nan ku bar wani wuri yana nuni ga artikil ɗin da ya mutu.

Maganar konsai ita ce inda ake yawan faɗa, don haka bari in ɗan tsaya. Kar ku rubuta sunan mutum cikin doka, ku rubuta kujera da wanda ke cika ta: wakilin ma'aikatar shari'a, wakilin ƙungiyar lauyoyi, malamin jami'a, wakilan ƙungiyoyin farar hula, wakilan jihohi. Ku sa wa'adi, ku sa iyakar sau nawa ake sabuntawa, ku sa wa'adin ya riƙa ƙarewa kashi-kashi don kar a wayi gari duk konsai sabbi ne babu wanda ya san inda makullin yake. Abu mafi muhimmanci, kar ku bar ɓangare ɗaya ya mallaki rinjaye shi kaɗai, ko gwamnati ko lauyoyi ko masu ba da kuɗɗi. Ko waccan hukumar ta Amurka da na ambata, ƴan konsai 11 ne shugaban ƙasa ke naɗa su, amma doka ta ce kar fiye da 6 su fito daga jam'iyya ɗaya. Ku kuma rubuta yadda ake tsige mutum da dalilan da ake tsige shi, a ba shi damar kare kanshi, don in ba a rubuta ba, ranar da fondasiyon ta ɗauki shari'ar da ta ɓata ma wani babba rai, da takarda ɗaya za a share kowa. Sannan a raba aiki a fili, konsai yana sa ido yana yanke manyan shawarwari, darekta yana tafiyar da aikin yau da kullum, kuma lauyan da ke zaune a konsai kar ya zama shi ne ake ba shari'o'in fondasiyon ana biyanshi, ko aƙalla ya fita daga zaure lokacin da ake zancen.

Ta fannin kuɗɗi ku bar ƙofa a buɗe, a ce tallafin gwamnati, kyauta, wasiyya, wakafi, da duk wata hanya da doka ta halatta, kar ku rubuta adadi cikin doka don jika ɗari ta yau ba ita ce ta shekara goma ba. Wasu ƙasashe suna ciyar da irin waɗanga fondasiyoyi da kuɗɗin ruwa da ke taruwa bisa asusun ajiya na lauyoyi, a lardin British Columbia na Kanada tun 1969 haka ake yi, kuma ina jin masu karatu suna kawo wanga misali a taro. A nan sai an yi hattara, jama'armu za su tambaya ko riba ce, kuma tambaya ce mai kyau da ta cancanci amsa kafin a rubuta, ba bayan an rubuta ba. Wakafi ya fi kusa da zuciyar mutanenmu kuma ƙasar tana da tsarinshi a doka. Wani abu kuma da bai kamata ku tsallake ba, a nan Yamai ne ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, suka amince a Disamba 2022 da tsarin lissafin kuɗɗi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda ake kira SYCEBNL, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. Duk abin da za ku rubuta bisa lissafi da mai binciken kuɗɗi ya dace da shi, gara ma ku yi nuni gare shi kawai da ku ƙirƙiro naku.

Sai tanadin wucin gadi, wanda kusan kowa ke mantawa da shi kuma shi ke kawo shari'a daga baya. Ranar da sabuwar doka ta fito, tsohon konsai ya mutu ne ko yana nan? Wa zai sa hannu a banki kafin a naɗa sabbi? Ma'aikata kwangilarsu tana ci gaba? Yarjejeniyar da aka yi da masu ba da tallafi fa, da filaye da motoci da ke da tsohon suna? Kuma mafi girma, shari'o'in da ke gaban kotu, matar da kuka ɗaukar ma lauya bisa gadon ɗiyanta kuma an sa ranar zama wata mai zuwa, ita mi ya haɗa ta da gyaran sitatinku? Ku rubuta a fili cewa fondasiyon ita ce dai ba sabuwa ba ce, duk haƙƙoƙinta da basussukanta da dosiyoyinta suna nan, tsohon konsai yana riƙe da aiki har a naɗa sabo, kuma a sa wa'adi na naɗin, wata shida misali, tare da abin da zai faru idan wata hukuma ba ta aiko wakilinta ba. Idan rage yawan mutane za ku yi, ku yi irin na Red Cross, duk wanda wa'adinshi ya ƙare ba a maye gurbinshi har a kai adadin, ba a wulaƙanta kowa ba kuma babu wanda zai tashi yaƙar gyaran don kare kujerarshi.

To ina ake kai takardun? Lokacin jamhuriya ta bakwai, ƙarƙashin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, hanya biyu ce, ko gwamnati ta kawo kudurin ko depite ya kawo, a tura shi kwamitin majalisa a saurari waɗanda abin ya shafa, a kai zauren majalisa a yi ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu. Tun 26 ga Yuli 2023 babu majalisar dokoki, da odonas ake yin doka, kuma majalisar CCR da aka girka a 2025 ta ba da shawara ce. Ke nan a yanzu ƙofar ita ce ma'aikatar da ke kula da ku, ga irin wagga fondasiyo galibi ma'aikatar shari'a. Ku rubuta ma minista wasiƙa ku haɗa takardun nan ukku da takardar zaman taronku, ku ajiye a ofishin karɓar wasiƙu a buga muku kashe da lamba da kwanan wata a kan kofinku, kar ku miƙa ma wani a hannu cikin koridor ko a wajen biki. Daga nan masana doka na ma'aikatar za su duba, idan akwai kuɗɗin gwamnati ko yafe haraji a ciki sai ma'aikatar kuɗɗi ta ce nata, ya wuce sakatariyar gwamnati inda ake tace duk rubutun da za shi taron ministoci, taron ministoci ya amince, a sa hannu. Ko da tsarin ƙasa ya sake canzawa gobe aka koma ga majalisa, waɗanga takardun dai su ne za ku buƙata, wanda za ku miƙa ma ne kawai zai bambanta.

Ku naɗa mutum ɗaya ko biyu masu bin dosiye, masu haƙuri da ladabi waɗanda suka san rubutun kamar tafin hannunsu, ba kowa ya riƙa zuwa yana faɗin nashi ba. Ku roƙa a riƙa nuna muku rubutun duk lokacin da aka taɓa shi, don kalma ɗaya tana juya komai, a cire "dole" a sa "ana iya" kun tashi a banza. Tun kafin ku fara ku yanke tsakaninku mi za ku iya sadaukarwa mi kuma ba za ku taɓa yarda ba, kuma idan kuka ga an juya gyaran ya zama zai ƙwace ƴancin fondasiyon, ku rubuta a hukumance ku ce ba wanga kuka nema ba, gara ku zauna da tsohuwar doka mai ɗingishi. Wanda ya ce muku a ba da wani abu dosiye ya yi sauri ku rabu da shi, fondasiyon da ke koya ma mutane doka ba ta sayen doka.

Akwai kuma lokacin da ba ku kuka nema ba, hukuma ce ta tashi gyara muku. Tsohuwar rigima ce wagga a duniya, a 1816 majalisar jihar New Hampshire ta Amurka ta canza takardar kafuwar kwalejin Dartmouth ba da yardar amintattunta ba, ta ƙara kujeru don ta samu iko, a 1819 kotun ƙolin ƙasar ta ce takardar yarjejeniya ce ba a canza ta da ƙarfi. Wanga hukuncin ƙasarsu ne ba ya aiki a kotunanmu, amma yana tuna mana abin da ya kamata mu tanada: takardun waɗanda suka ba da dukiya. Idan wani bawan Allah ya ba da gida ko fili da sharaɗin a riƙa kare marayu da shi, kuma an rubuta wajen noter, to wanga sharaɗi hujja ce mai ƙarfi a hannunku, ku fito da ita ku nemi a saurare ku, ku nemi a rubuta cikin dokar cewa dukiyar da aka ba da don manufa kaza ba ta fita daga manufar, ko da an rushe fondasiyon sai dai a miƙa ta ga mai irin aikin, ba a raba ma membobi.

Ranar da kuka ji a telebijin taron ministoci ya amince kar ku fara aiki da sabon rubutu, ku jira sa hannu da bugawa a Journal Officiel, ku sayi kofi ku karanta shi kalma-kalma ku gwada da naku, in akwai kuskuren bugu ku nemi a gyara nan da nan. Idan dokar ta ce sai an yi dekeren aiwatarwa to aiki bai ƙare ba, dokoki da yawa suna kwance shekaru don dekere bai fito ba, shi ya sa nake cewa ku rubuta daftarin dekeren tun farko ku miƙa shi tare da na dokar. Daga nan ku daidaita dokar cikin gida da sabon rubutu, ku rubuta ma hukumomin da za su aiko wakilai, ku canza sa hannu a banki bayan an naɗa sabon biro ba kafin nan ba, ku sanar da masu ba ku tallafi da ofishin haraji da CNSS, asusun inshorar ma'aikata, idan suna ko adireshi ya canza, ku aika kofi ga kotunan da kuke aiki da su da rassanku na jihohi, kuma lauyoyin da ke riƙe da dosiyoyin mutane a kira su ɗaya-ɗaya a tabbatar musu su ci gaba da zuwa zaman kotu kamar yadda aka tsara.